Kiɗan Gargajiyar Indiya: Hindustani da Karnatik

Kiɗan ilimi na ƙasar Indiya, wanda ake shafe shekaru ana koyonsa a gaban malami, ya kasu gida biyu. Na arewa ana ce masa Hindustani, kuma ya game arewacin Indiya da Pakistan da Bangladesh. Na kudu shi ne Karnatik, cibiyarsa jihohin Tamil Nadu, Karnataka, Andhra Pradesh, Telangana da Kerala. Tushensu ɗaya ne. Dukansu suna jingina kansu ga Natyashastra, tsohon littafin Bharata na harshen Sanskrit, da kuma Sangita Ratnakara wanda Sharngadeva ya rubuta a ƙarni na 13. Bayan wannan ƙarni ne hanya ta fara rabuwa, kuma babban abin da ya raba ta shi ne inda makaɗi yake cin abinci. Na arewa ya samu gindin zama a fadar sarakuna, galibi Musulmi, na kudu kuwa ya fi jingina ga wuraren bautar Hindu.

Raga da tala

Ginshiƙai biyu ke riƙe da gidajen nan. Na farko raga, wato tsarin matakan murya da ake gina waƙa a kansa. Matakan murya bakwai ne, Sa, Re, Ga, Ma, Pa, Dha, Ni, sai dai mutanen kudu suna cewa Ri a na biyu. Kowace raga tana zaɓar wasu daga ciki, ta tsara yadda za a hau da yadda za a sauko, da matakin da za a daɗe a kai, da wanda za a taɓa kawai a wuce. Ragogi biyu na iya haɗa matakai iri ɗaya amma mai kunne ya bambance su daga jimlar farko. Na biyu tala, wato zagayen bugu da ke komawa farko duk sanda ya cika. A arewa an fi amfani da Tintal mai bugu 16, a kudu Adi tala mai bugu 8. Bugun farko na zagayen, wanda 'yan arewa ke kira sam, shi ne wurin haɗuwa. Mawaƙi da mai ganga kowa zai yi nisa cikin nasa lissafi, sannan su faɗo tare a kan wannan bugu ɗaya, sai ka ji masu sauraro sun ɗauki "wah, wah".

Arewa

Zuwan daulolin Musulmi Delhi ya kawo ɗanɗanon Farisa da tsakiyar Asiya. Ana yawan ambaton Amir Khusrau, mawaƙin da ya rasu a 1325, almajirin Shehi Nizamuddin Auliya, a matsayin wanda ya haɗa kogunan biyu. Tansen ya zama tauraron fadar Sarki Akbar a ƙarni na 16, da salon dhrupad mai nauyi da tafiyar sannu. A ƙarni na 18, a fadar Sarki Muhammad Shah, salon waƙa na khayal ya bunƙasa, shi ne kuma ya mamaye fage har yau.

Abin da ya fi fice a arewa shi ne haƙuri. Mai kaɗa sitar, abin kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya, zai iya shafe rabin sa'a yana alap, wato yana buɗe raga mataki bayan mataki ba tare da ganga ba, bayansa tanpura, wani abin kiɗan mai tsirkiya, tana ta gunjinta mara yankewa. Baitin waƙar kansa gajere ne, layi biyu ko huɗu, sauran duk abin da mawaƙi ya ƙago a wurin ne. Ragogin ma suna da lokaci: Bhairav ta asuba ce, Yaman ta bayan faɗuwar rana, Darbari ta tsakar dare, Malhar ta damina.

Ilimin ya daɗe a hannun gidaje da ake kira gharana, kamar Gwalior, Agra, Kirana, Jaipur da Patiala, inda uba kan ɓoye wa bare abin da yake bai wa ɗansa. Mutum biyu suka fito da shi fili. Vishnu Digambar Paluskar ya buɗe makarantar kiɗa a Lahore a 1901, Vishnu Narayan Bhatkhande kuma ya zaga ƙasa yana tattara waƙoƙi, ya kasa ragogi cikin rukunai 10.

Daga gidan Allauddin Khan na Maihar aka samu ɗansa Ali Akbar Khan mai kaɗa sarod, shi ma abin kiɗa ne mai tsirkiya, da 'yarsa Annapurna Devi, da almajirinsa Ravi Shankar, wanda ya kai sitar gaban matasan Amurka a Monterey a 1967 tare da Alla Rakha mai tabla, tagwayen gangunan da ake bugawa da hannu. Ɗan Alla Rakha, Zakir Hussain, wanda ya rasu a 2024, ya mai da tabla abin da ake cika zaure domin ita kaɗai. Bismillah Khan na Varanasi ya cancanci a tsaya a kansa. Shehnai, wadda take kusa da algaita a ƙira da amo, abin busa ce ta bukukuwan aure, shi ya ɗaga ta zuwa dandalin manya. Musulmi ne mai riƙo da salla, ya kuma yi busa a wuraren bautar bakin kogin Ganga, shi aka gayyata ya yi busa a Lal Qila, tsohuwar fadar sarakuna a Delhi, lokacin samun 'yancin kan Indiya a 1947.

Kudu

A kudu waƙar da aka riga aka tsara ita ce uwa. Purandara Dasa, wanda ya rasu a 1564, shi ya shimfiɗa darussan farko da yara ke bi har yanzu. A ƙarni na 17 Venkatamakhin ya kafa lissafin da ya ba da ragogi iyaye 72. Sai manyan nan uku da aka haifa a gari ɗaya, Tiruvarur, a ƙarni na 18: Tyagaraja, Muthuswami Dikshitar da Syama Sastri. Tyagaraja ya yi waƙoƙinsa da harshen Telugu yana yabon Rama, abin bautar Hindu, Dikshitar da Sanskrit. Tsarin waƙarsu, kriti, yana da kashi uku, pallavi, anupallavi da charanam. Duk shekara mawaƙa kan taru a Tiruvaiyaru, inda Tyagaraja ya rasu a 1847, su rera manyan waƙoƙinsa biyar da murya ɗaya.

Kuskure ne a ɗauka babu ƙagowa a kudu. Tana nan, sai dai a dunƙule take, cike da lissafi, ga karkarwar murya da ake kira gamaka wadda ba ta barin mataki ya tsaya cak. Kayan kiɗan su ne vina mai tsirkiya, da ganga mai fuska biyu mridangam, da ghatam, tulun yumɓu da ake bugawa da yatsu. Gogen Turawa ya shigo a ƙarni na 19 ya zama ɗan gida, ana goga shi a zaune a ƙasa, kansa a jingine da idon sawu.

An kafa Kwalejin Kiɗa ta Madras a 1928, daga nan kuma bikin kiɗa na watan Disamba na birnin, wanda yanzu ake kira Chennai, ya girma. M. S. Subbulakshmi ta rera a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1966, ita ce kuma mawaƙiya ta farko da ta karɓi Bharat Ratna, lambar girma mafi girma ta farar hula a Indiya, a 1998. A yau mawaƙi T. M. Krishna yana sukar yadda 'yan ajin Brahmin, aji mafi ɗaukaka a tsarin al'ummar Hindu, suka mamaye fagen, muhawarar da har yanzu ba ta lafa ba.

Inda suka haɗu

Raga ɗaya kan amsa suna biyu: Yaman ta arewa ita ce Kalyani ta kudu, Bhupali ita ce Mohanam. Hamsadhwani 'yar kudu ce da arewa ta aro. A shekarun 1970 ƙungiyar Shakti ta zaunar da tablar Zakir Hussain kusa da tulun Vikku Vinayakram.

Hausawa da yawa sun san amon tabla da sitar ta finafinan Indiya da suka shiga silimomin Kano da Kaduna shekaru da dama, domin waƙoƙi da dama na tsofaffin finafinan Bombay a kan ragogin arewa aka gina su. A fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960, muryar da aka bai wa Tansen ta Bade Ghulam Ali Khan ce, babban mawaƙin gidan Patiala.