Wasan kwaikwayo a sakandare: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk farkon zango sai an turo mini sabon malami, yawanci ɗan bautar ƙasa, ko wanda shugaban makaranta ya ɗora wa ƙungiyar wasan kwaikwayo saboda kowa ya zille. Tambayoyin ba sa canzawa. Ga su nan a rubuce, in huta da zaman gindin darbejiya.

Ba mu da dandamali, yaya za mu yi?

Barandar aji tana nan. Yaran unguwa suna tashe tun daga goma ga watan azumi, a ƙofar gidajen mutane, da gwangwani da gemun auduga, ba wanda ya taɓa gina musu dandamali.

Sai na karanci fannin a jami'a?

A'a.

Wane wasa zan ɗauka?

Fara da wanda ke hannun yaran. Wasan kwaikwayo yana cikin adabin Hausa da ake tambaya a WAEC da NECO, kuma yaron da ya taka rawar wani a gaban jama'a ba ya manta halinsa a ɗakin jarrabawa. In na gida kake so, Umaru Ɗanjuma Katsina ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna tun 1979. Amma don Allah yanke. Masu kallo suna zaune a rana, minti 30 ya ishe su.

Kowa kuma sai ya ce zai yi Bayajida da rijiyar Kusugu ta Daura. Labari ne mai kyau, macijin ne matsala. Namu da tsohon tiyo da safa muka yi shi, yana leƙowa daga cikin durom fili ya ɓarke da dariya, har Daurama ta kasa riƙe fuska. Bar shi a cikin rijiya. Tsoron da ke fuskar masu ɗibar ruwa ya fi kowane tiyo.

Me ya sa na baya ba sa jin komai?

Saboda yaranka a fim suka koyi wasa, kai kuma ka ƙyale su. A fim kyamara ce ke zuwa wurin ɗan wasa, sai ya yi raɗa a ji. A fili ba mai zuwa wurinsa. Ni can bakin ragar ƙwallo nake tsayawa, yaro ya faɗi maganarsa daga baranda. In ban ji ba, ya sake. Ba ihu nake nema ba, ya buɗe baki ya fitar da ƙarshen kalma, kuma kada ya ba mutane baya. Kar ka dogara da makirufo ɗaya da lasifikar haya, ƙarar janareto kaɗai za ta cinye rabin wasan.

Makarantarmu ta maza da mata ce. Zan iya sa yaro da yarinya su fito a miji da mata?

To, nan ne ba na amsawa a tsaye. Ya danganta da shekarun yaran, da unguwar da makarantar take, da shugabanku, da irin abin da miji da matar za su faɗa wa juna. Abin da ya wuce lafiya a wata makaranta cikin birni yana iya tayar da ƙura a wata da ba ta fi tafiyar rabin awa ba.

Ni dai na taɓa ƙonewa. Saura kwana uku a yi wasa, wani uba ya zo a kan babur, ya tsaya a bakin aji, ya kira 'yarsa ta hau suka tafi. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, da ka tambaye ni." Gaskiyarsa ce, ban tambaya ba. Tun daga nan ba na ba yarinya irin wannan rawa sai takarda ta je gida ta dawo da hannun mahaifi, kuma sai malamin addini na makaranta ya karanta wasan tukuna. Ba don ya yi mini gyaran adabi ba, don ranar da magana ta tashi ya kasance ya riga ya gani.

Ko iyaye sun yarda, akwai abin da takarda ba ta hanawa: tsokana. Yarinya tana iya shan "matar wane" har ta gama aji shida. Don haka sau da yawa nakan duba ko labarin zai tsaya in na mai da su wa da ƙanwa. Wani lokaci yana tsayawa, wani lokaci kuwa auren shi ne labarin, cire shi kashe wasan ne. A nan sai a bar tazara, ba taɓa juna, tana cikin hijabinta, ko ta yi magana daga bayan labule kamar tana cikin ɗaka, wanda ma ya fi kama da gidajenmu.

A makarantar mata zalla abin da sauƙi, yarinya ta zura babbar riga an gama. Namiji ya ɗaura zane kuwa, wasu iyaye suna ganin wasa ne irin na tashe, wasu ba sa so ko kaɗan, kuma suna da hujjarsu. Kar ka tilasta wa yaro. Gwaji kuma da rana, ƙofa a buɗe, da malama a zaune, a tashi kafin la'asar. Wannan kam ba ya danganta da komai.

In yaro ya manta maganarsa ranar wasa fa?

Kwantar da hankalinka, malam, zai manta. Masu kallo ba su riƙe da takarda. Koya wa abokin wasansa ya jefa masa tambayar da za ta dawo da shi hanya. Kai dai kar in ga ka leƙo daga bayan labule kana zare ido.

Mako nawa za mu yi muna gwaji?

Shida, sau biyu a mako. 'Yan ajin ƙarshe kuma ka ƙyale su a zango na uku, jarrabawa ce a gabansu.

Kayan sawa fa, wa zai saya?

Ba wanda zai saya. Aro za ka yi. Rubuta sunan mai kowace riga da hula, a wanke a goge, a mayar kafin Juma'a, don mai babbar rigar da ita zai je masallaci.