Aikin tuƙi a ƙananan kamfanonin jiragen sama: tambayoyi da amsoshi daga Sakkwato

Wane ne ƙaramin kamfani?
Shi ne mai jirage ƙalilan, masu ɗaukar mutum 50 zuwa 70, irin su Embraer ERJ145 ko ATR 72 mai farfela. Yana jigila ne a hanyoyin da fasinjojinsu ba su isa cika babban jirgi kullum ba. Tafiyar kusan awa ɗaya daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja irin tasu ce.

Ta ina matashi zai fara?
Da gwajin lafiya mataki na ɗaya, kafin iyaye su kashe ko kwabo. Wanda idonsa ba ya bambanta ja da kore yakan faɗi tun a nan. Sai makaranta, kamar Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, ko ta Ilori. Lasisin PPL, na tuƙin da ba na kasuwanci ba, ake fara samu, sannan CPL, na tuƙin kasuwanci, wanda ke buƙatar kusan awa 200 a sama. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ke bayarwa. Ko da CPL a hannu, sai an yi horo na musamman kan ainihin samfurin jirgin da za a tuƙa.

Me ya sa ake son farawa a ƙaramin kamfani?
Saboda tara awoyi. Lasisin ATPL, wanda kyaftin ke riƙewa, yana buƙatar awa 1,500. Mataimakin matuƙi a gajerun hanyoyi yakan tashi ya sauka sau da yawa a yini, kuma a sauka da tashi hannu ke faɗawa.

Me ke durƙusar da waɗannan kamfanoni?
Tikiti da naira ake sayarwa, amma hayar jirgi, inshora, kayan gyara da horon maimaici a na'urar kwaikwayon tuƙi, yawanci da dala ake biya. Naira na faɗuwa, riba ta narke. Ga kuɗin man jirgi. Kujerar da ta tashi babu kowa a kai kuwa ba ta sake sayuwa. Kamfani mai jirgi uku, ɗaya ya tafi babban gyara, sulusin kuɗin shigarsa ya tsaya, albashi kuma na nan.

Haya ma iri biyu ce. Akwai ta jirgi zalla, inda kamfani ke zuba matuƙansa. Akwai wadda jirgi ke zuwa da matuƙa da injiniyoyinsa, kamar yadda ake yawan yi lokacin jigilar alhazai. Ta biyun ba ta da gurbi ga matashin matuƙinmu na gida, ko da tambarin kamfanin gida na jikin jirgin.

Yanayin Sakkwato na shafar aikin?
Ƙwarai. A Afrilu zafi na haura digiri 40, iska ta yi sakayau, injin da fukafukai su rage ƙarfi, har a rage kaya ko fasinja kafin tashi. Da hunturu kuma hazo kan rufe titin jirgi. Idan nisan gani ya gaza ƙa'ida, kyaftin ya juya ko ya sauka wani gari, man da aka ƙona kuwa asarar kamfani ce. Matuƙin da ya juya ya yi daidai, ko fasinjoji sun yi gunaguni.

Idan kamfani ya ce zai biya kuɗin horo fa?
Yakan ɗaure mutum da yarjejeniyar shekaru. Kafin sa hannu, a tambaya: jirage nawa ke tashi yanzu, ba na kan takarda ba? Ana biyan albashi kan kari? Idan aka ajiye jirgin ko kamfanin ya rufe, wa zai ɗauki sauran bashin? A rubuta amsar a cikin yarjejeniyar, lauya ya duba.