Waiwaye: Gulbin Rima da ruwan da muke tarayya da Nijar

Gulbin da Sakkwatawa ke sha, suke noman rani a bakinsa, wani ɓangare nasa sai ya kai ziyara Jamhuriyar Nijar kafin ya iso gare mu. Gulbin Gada yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya wuce Jibiya, ya tsallaka iyaka, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo ta ƙasar Gobir ya faɗa Rima wajejen Sabon Birni. Daga can sai Goronyo, sai Sakkwato, sai Argungu da Birnin Kebbi, har ya zube a Kogin Kwara. Kwara ɗin ma daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratso Mali da Nijar kafin mu gan shi. Ke nan a wannan yanki duk wanda ke bisa wani a ruwa, akwai wanda ke bisansa.

Lokacin da Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kan iyaka, daga 1898 har zuwa 1906, hanyar ayari da rijiyoyin da sojojin Faransa za su sha tsakanin Kwara da Tafkin Cadi ne suka dame su. Ba su tambayi manomin fadama ba. Suka raba Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni, suka raba Ƙonni da Illela, suka bar gulbi yana shiga yana fita. Wannan bai zama matsala nan take ba, domin a wancan zamani babu mai iya tare gulbi. Damina ta sauka, ruwa ya malale fadama, ya ja baya ya bar laka, a shuka shinkafa da albasa da alkama. Sarkin Ruwa ya san ranar da za a buɗe su da ranar da za a hana, makiyayi ya san mashayarsa da burtalinsa.

Bayan samun 'yanci ƙasashen da Kwara ya ratsa suka rattaba hannu a Yamai a 1963, suka kafa hukumar kogin a 1964. A 1980, a garin Farana na Gini, aka mayar da ita Hukumar Raya Kogin Neja (wato Kwara), mai mambobi 9 da hedikwata a Yamai. Najeriya da Nijar kuma suka kafa tasu hukumar haɗin gwiwa a 1971.

Farin shekarun 1972 zuwa 1974 shi ya canza lissafi. Dabbobi suka ƙare, mutane suka yi ƙaura, kowace gwamnati ta ƙudurta cewa ruwan da ya faɗo mata ba zai wuce ta ba. An kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Aka gama dam ɗin Bakalori kusa da Talatar Mafara a 1978, na Goronyo a 1984, na Jibiya wajen 1990. A wancan ɓangaren ma aka datse kwarin Majiya don noman rani a Ƙonni. A 1985 Kwara kansa ya daina gudu a gaban Yamai, abin da ya ƙara tsorata kowa.

Ba zan ce dam bai yi amfani ba; famfon birnin Sakkwato a rani ya dogara da abin da Goronyo ya sako. Amma an yi aikin ba tare da tunanin mutanen da ke ƙasan gulbi ba, kuma talaka ne ya biya. Manoman Bakalori da aka karɓe wa gonaki suka tare hanya suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka. Waɗanda ke ƙasan dam ɗin kuwa nasu rashin ya zo a hankali: malalen da ke jiƙa fadama ya ragu, shinkafa ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci a komar Sarkawa. Mutanen Maraɗi suna kukan Jibiya ta riƙe musu gulbi. Mutanen Illela suna kallon Tafkin Kalmalo, inda ruwan Majiya ke ƙarewa, yana ƙanƙancewa. Kuka ɗaya ne, bakin mai yi ne kawai ya bambanta.

Wannan ne ya kai ƙasashen biyu ga yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, wadda ta ambaci ruwaye huɗu na tarayya: Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙasan Komadugu Yobe. Ta ce a raba ruwa da adalci, a riƙa musayar bayani, kuma kada ɗaya ya fara aikin da zai taɓa ruwan ɗaya sai ya sanar da shi. An yi mata kwaskwarima a 1998 a nan Sakkwato. Biyu daga ruwayen huɗu a ƙasarmu suke ƙarewa, amma ka je kasuwar Illela ranar Lahadi, ka zauna cikin masu ɗinke buhunan albasa, 'yan Ƙonni da 'yan Gwadabawa kafaɗa da kafaɗa suna ciniki da naira da sefa, ka tambayi wa ya taɓa jin labarinta. Abin yana ci mini rai, domin don su aka rubuta ta.

Ambaliyar Satumbar 2010 ta nuna ɗaya fuskar. Ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, ya share ƙauyuka da gonaki, ya cinye hanyar da ta haɗa gari da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sai da kwalekwale ake tsallakawa. Ruwan da ya sauka a Katsina da Maraɗi da Zamfara duk a kanmu ya taru. Labarin ma'aunin ruwa daga Madarunfa, in ya iso da wuri, yana iya ba magidanci a Wurno damar kwashe rumbunsa.

Akwai darasin da ya kamata mu karɓa daga maƙwabta ba tare da girman kai ba. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke kututture a gona, suna sassabe tohon gawo da kalgo su bar shi ya girma, har bishiyoyi suka dawo a miliyoyin hekta. Ƙasar da ke da itace ba ta zubar da yashi cikin gulbi, kuma yashin da ke cike Goronyo daga irin waɗannan gonaki na sama yake zuwa, namu da nasu.

Sai kuma siyasa. An daɗe ana fahimtar cewa wutar da Najeriya ke tura wa Yamai ta Birnin Kebbi tana da nasaba da barin Kwara ya iso dam ɗin Kainji ba tare da an datse shi ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka yanke wutar, aka rufe iyaka, sai a Maris 2024 Najeriya ta janye takunkumin. Nijar ta fice daga ECOWAS, tana kuma ci gaba da neman kammala dam ɗinta na Kandaji a yankin Tilaberi, wanda aka aza harsashinsa tun 2008. Hukumar Kogin Neja dai ba reshen ECOWAS ba ce, kuma yarjejeniyar ruwan da shugabanninta suka amince da ita a 2008 ta tanadi sanarwa da shawara kafin babban aiki. Wannan teburin ya rage mana, kuma ya kamata gwamnatocin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina su matsa wa Abuja ta zauna a kansa, su kuma nemi a ba sarakunan ruwa da ƙungiyoyin manoman fadama na ɓangarorin biyu kujera, a riƙa sanar da ranar sakin ruwa ta rediyo da Hausa.