Mene ne kalifar birki, kuma wacce za ka saya wa tsohuwar jif ɗinka?

Masu tsofaffin motoci masu fo-wil irin su Land Cruiser da Hilux da Pajero sun saba jin bakanike ya ce oga kalifa ce ta kama, sai mutum ya gyaɗa kai ya zaro kuɗi alhali bai san me ake nufi ba. To kalifa dai ita ce wannan dunƙulen ƙarfen da zaka gani in an cire taya, ya hau kan faifan birki ya rungume shi ta ɓangare biyu. A cikinta akwai fistin, akwai robobin da ke tare mai, sannan fad guda biyu suna zaune ciki, ɗaya ta nan ɗaya ta can. In ka taka birki, masta, wato famfon da ke tura man birki, zata turo mai ta cikin tiyo, man ya tura fistin, fistin ya tura fad, fad ya matse faifan kamar yadda awartakin maƙeri ke damƙe ƙarfe, motar ta tsaya. Shikenan aikinta. Amma fa mafi yawan nauyin tsayar da mota a birkin gaba yake, shi ya sa bana son yadda ake ɗaukar zancenta da wasa.

Iri biyu ce. Akwai wadda aka ɗaure kam bata motsi, fistin ne a kowane gefe suke matsowa tare, ita ce a gaban tsofaffin Toyota kamar Land Cruiser 70 da aka fara a 1984 da kuma 80 da aka yi daga 1990 zuwa 1997, fistin huɗu ne a kowace ɗaya. Akwai kuma mai zamewa, wadda fistin ɗinta gefe ɗaya ne kawai, jikinta ne ke zamewa a kan wasu sanduna biyu ya jawo ɗaya fad ɗin. Sanin wacce kake da ita yana da amfani sosai don ita mai zamewar sau da yawa ba lalacewa tayi ba, sandunan ne suka bushe suka yi tsatsa, a ciro su a goge a shafa musu giris ɗin da ya dace a mayar, magana ta ƙare. Su kuma Hilux na da da Land Cruiser 70 da yawa bayansu durom ne, babu kalifa a can sam, kar wani ya ce maka ta baya ta mutu sai ka leƙa da idonka.

Alamun ta samu matsala ba ɓoyayyu bane. Mota na ja gefe ɗaya in ka taka birki, ko ka tsaya bayan tafiya kaji wili ɗaya yayi zafi rau yana ƙauri sauran kuwa lafiya lau, ko a ciro fad a ga ɗaya ya cinye saura ƙarfe ɗan uwansa kamar sabo, ko kaga jiƙar mai a cikin taya man birki kuma na raguwa a gwangwaninsa. Sai dai kafin a yanke mata hukunci akwai gwajin da bai ɗaukar minti biyar. A ɗaga motar da jak, a taka birki a saki, in tayar taƙi juyawa da hannu sai a ɗan kwance wannan ƙaramin nifil ɗin da ake cire iska ta nan. In mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, to kalifarka lafiyarta ƙalau, galibi tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki yana barin mai ya shiga yana hana shi komawa. Motar da ta haura shekara 25 tana yawo cikin rana da yashi wannan ba abin mamaki bane, kuma mutane da yawa sun sayi kalifa a banza saboda tiyo.

In ta tabbata ita ce, hanya uku gareka. Ko a gyara wadda ke jiki da kit, wato sabbin robobi da robar hana ƙura da fistin in ya ci, ko ka sayi ta Beljiyom a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, ko ka sayi sabuwa a kwali. Ni a ganina matuƙar jikin asalin bai tsage ba, ramin da roba ke zama bai ci tsatsa ba, zaren nifil bai lalace ba, gyaran ta asali da kit mai kyau ya fi sayen sabuwa mai arha wadda ba a ma san wa ya ƙera ta ba. Ka sa a ciro fistin a gabanka ka riƙe shi ka shafa da farce, in kaji ƙananan ramuka ko kaga farin rufinsa ya ɓare to ya tashi aiki, goge shi da sanfefa a mayar yaudarar kai ce don zai yanka sabuwar robar ya fara yoyo. Ta Beljiyom kuwa ka tuna shekarunta ɗaya da taka, wata ma daga ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ta fito, don haka ko ka same ta da kyau ka sa mata kit kafin a ɗaura.

Wurin da aka fi faɗawa rami shi ne dacewa. Sunan mota kaɗai bai isa ba, ka ce wa mai shago Land Cruiser 80 kawai ya miƙo maka. Su 80 ɗin nan a 1992 an ƙara musu girman birkin gaba aka koma wili mai inci 16, na farko 15 ne, kaga in ka ɗauko babbar kalifa tana iya gogar wili ko taƙi zama daidai da faifan. Haka faifai mai huda iska a tsakiya ya fi wanda babu kauri, kalifarsu ba ɗaya ba. Ka tafi da tsohuwar a hannu, da lambar shasi, ka duba lambar da aka zuba a jikin ƙarfen, ka jera su ka gwada ramukan noti da inda tiyo ke shiga. Sannan akwai ta dama akwai ta hagu, in aka ɗaura nifil dole ya kasance a sama, in ya koma ƙasa an musanya su kenan, iska bazata taɓa fita duka ba ko za a kwana ana famfo, birki zai ta yin laushi.

Masu son ƙara ƙarfi su ɗauko ta wata babbar mota su liƙa, don Allah a yi hattara. Fistin mai faɗi mai da yawa yake sha, in masta ƙarama ce ƙafarka zata nutse sosai kafin birki ya kama, daidaiton gaba da baya ma ya rikice, ga mota ɗauke da kaya da mutane.

Kuma biyu ake canzawa ko a gyara tare, dama da hagu, in ba haka ba ɗaya zata fi ɗaya kamu motar ta dinga fizga. Na san kuɗi ne, wallahi na sani, amma ba nan ake tsimi ba. A sa sabuwar woshar jan ƙarfe a inda tiyo ke shiga in kalifarka irin mai wosha ce, kar a bar kalifa tana reto a jikin tiyo lokacin aiki, a rataye ta da waya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake wanke cikinta da fetur ko a shafa wa roba giris ɗin bayarin ko baƙin mai, wannan kumbura robar yake, bayan ɗan lokaci ta sake kamawa a ce kit ne jabu. Da man birki ake jiƙa robar. Man kuma ka duba abin da aka rubuta a murfin gwangwanin, tsofaffin nan yawanci DOT 3 ne, DOT 4 ma yana yi, amma DOT 5 daban yake ba a haɗa shi da su. Man birki yana zuƙar danshi, danshin ne ke sa fistin tsatsa tun daga ciki, saboda haka a zubar da tsohon gaba ɗaya a zuba sabo daga robar da ba a buɗe ba, a dinga haka duk shekara biyu, in kana yawan ratsa ruwa da damina ma ka riƙa duba robar ƙura ko ta yage. Bayan an gama ka taka birki sau da yawa a tsaye har yayi tauri, ka gwada a hankali a fili kafin ka hau babban titi.