Aikin da ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwa ma yana da diyya a doka

Ma'aikata da yawa a Zariya sun ɗauka ba a biyan diyya sai ga wanda inji ya datse wa yatsa ko ya faɗo daga kan gini. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wuce nan. Sashe na 8 ya yi magana a kan damuwa da matsin ƙwaƙwalwa, kuma hukumar NSITF, mai kula da asusun diyyar ma'aikata, ita ce ke biya.

Sashen ya kawo hanyoyi biyu na samun diyyar. Ta farko ita ce firgita mai tsanani bayan wani mummunan abu ya auku kwatsam a bakin aiki, kamar ma'aikacin banki da 'yan fashi suka ɗora wa bindiga a ka. Ta biyu, likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar cewa yanayin aikin ne ya jawo ciwon.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙaramin sashe na biyu na Sashe na 8. Idan mai wurin aiki ya sauya tsari ya jibga maka abin da ya fi ƙarfinka ba bisa adalci ba, har ƙwaƙwalwa ta taɓu, wannan ma abin biya ne. A duba malamar makarantar kuɗi da aka sallami abokan aikinta biyu aka haɗa mata azuzuwansu. Barci ya ƙaurace mata, tana kuka ba dalili, kowa sai ce mata yake "a yi haƙuri". Haƙuri abu ne mai kyau, amma wannan baiwar Allah tana da haƙƙi.

Baki kaɗai ba ya isa hujja. A je asibiti, Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, a karɓi rahoton likita a adana. A sanar da mai aiki cikin kwana 14, kuma na fi son a yi a rubuce. Shi kuma yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar NSITF. Neman diyyar ana yin sa cikin shekara 1.

Kuɗin asusun daga aljihun mai aiki suke fitowa, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma doka ta hana a zaftare su daga albashinka. Sojoji ba sa cikin wannan tsari. Wanda hukuncin hukumar bai gamsar da shi ba, yana iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.