Asibitin Beaune na Faransa: gonakin inabin da suka riƙe gidan majinyata tun 1457

Me ya haɗa giya da asibiti?

A yankin Burgundi da ke gabashin Faransa akwai wani ɗan gari mai suna Beaune. Asibitin garin, wanda ake kira Hospices de Beaune, ya mallaki gonakin inabi kusan hekta 60. Da wannan inabin ake yin giya, mafi yawanta ja daga irin da ake kira Pinot Noir, sai fara kaɗan daga Chardonnay. Kuɗin da aka samu kuwa asibitin ake yi wa hidima da su.

Wa ya gina shi, kuma don me?

Nicolas Rolin ne, wazirin Filip, mai mulkin Burgundi a lokacin, shi da matarsa Guigone de Salins, a 1443. Ƙasar ta sha wuya a Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Faransa da Ingila. An yi sulhu tsakanin sarkin Faransa da Burgundi a garin Arras a 1435, amma sojojin da aka sallama suka koma fashi a ƙauyuka, ga yunwa ga annoba. Talakan Beaune ba shi da inda zai kwanta ya yi jinya. Ranar 1 ga Janairu, 1452 aka karɓi majinyaci na farko, mata masu hidimar coci ne ke kula da su ba tare da karɓar ko sisi ba. Sai a 1971 aka mayar da jinya sabon gini, tsohon kuma ya zama gidan tarihi.

Gonakin fa, daga ina suka fito?

Kyauta ce da wasiyya. Wata mata mai suna Guillemette Levernier ce ta fara ba da gona a 1457, wasu suka bi sahu, ƙarni bayan ƙarni. Nan ne abin ya fi burge ni. Da tsabar kuɗi suka bayar, da tuni an cinye an manta. Ƙasa suka bayar, wadda ke ba da amfani duk shekara, ko mai ita yana raye ko ya mutu. Asibitin ma bai manta da su ba: kowane rukuni na giyar, kusan 50 ne, sunan wani mai kyauta ko mai hidima yake ɗauke da shi, har da na Rolin da matarsa.

Yaya ake sayarwa?

Gwanjo ake yi, tun 1859, ranar Lahadi ta uku a watan Nuwamba. A da kyandir ake kunnawa, idan ya mutu ciniki ya faɗa. Kamfanin Christie's ya gudanar da gwanjon daga 2005, Sotheby's ya karɓa a 2021. Ganga-ganga ake sayarwa, kowace lita 228. Akwai ganga guda da ake warewa, kuɗinta na wasu ƙungiyoyin agaji ne na waje.

To giyar sabuwa ce ko tsohuwa?

Ranar gwanjo sabuwa ce fil, makonni kaɗan da tsinke inabin. Wanda ya saya sai ya danƙa ta ga ƙwararren da zai kula da ita a gangar katako shekara ɗaya zuwa biyu kafin a zuba a kwalba. Daga nan wasu kan ajiye ta shekara 10 ko 20 a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi. A hankali baurinta yana raguwa, jan launinta yana komawa kamar na jan bulo.

Musulmi zai ce ai giya haramun ce.

Haka ne, kuma a fiƙihun Musulunci kyakkyawar manufa ba ta halatta cinikinta. Mutanen Burgundi Kiristoci ne, inabi shi ne noman ƙasarsu, da abin da suke da shi suka yi alheri. Tsarin dai mun san shi, irin na wakafi ne: a tsare dukiya, ba a sayarwa ba a gādo, amfaninta ya tafi ga mabuƙata. A Beaune har yau da kuɗin gwanjon ake sayen kayan aikin asibiti, a gyara gidajen kula da tsofaffi, a kuma adana ginin da Rolin ya bari.