Hamam ɗin Trikala: gidan wankan Turkawa da ya zama gidan yari

Trikala gari ne a yankin Tasaliya da ke tsakiyar ƙasar Girka, kogin Lithaios ya ratsa shi ta tsakiya. Daular Usmaniyya ta kama garin a ƙarshen ƙarni na 14, kuma yana hannunta har 1881 da yankin ya koma ƙarƙashin Girka. Cikin abubuwan da Turkawa suka bari akwai hamam, wato gidan wankan jama'a, wanda aka gina a ƙarni na 16 dab da masallacin Osman Shah, gwamnan yankin a zamanin Turkawa, a bakin kogin.

Tagwaye ne, ɓangaren maza daban na mata daban, kowa da ƙofarsa. Yadda irin waɗannan gidaje ke aiki shi ne mutum zai fara shiga ɗaki mai sanyi ya tuɓe ya ɗaura zane, ya wuce ɗaki mai ɗumi-ɗumi jiki ya saba, sannan ya shiga mai zafin inda tururi yake, nan ake cuɗa da tausa. Wutar kuma ba a ganinta sam, can baya ake hura ta da itace ƙarƙashin tukunyar ruwa, zafin da hayaƙin su bi ta ƙarƙashin daɓe su hau ta cikin bango, shi ya sa ƙasan ke zafi har sai an sa takalmin katako. Ba don jin daɗi kawai ake gina shi kusa da masallaci ba, Musulmi na buƙatar wankan tsarki, kuma kuɗin shiga galibi wakafi ne da ke riƙe masallacin.

Bayan Turkawa sun tafi sai aka maida ginin gidan yari, aka ɗora bene a kai, fursunoni suka yi ta zama a ciki har 2006, da yawa cikin mutanen gari ma sun manta akwai hamam a wurin. Sai da aka kwashe fursunonin aka fara gyara sannan ɗakunan wankan suka sake bayyana. Yanzu ana shiga a kalla, saman kuma gidan tarihi ne na Vassilis Tsitsanis, mawaƙi ɗan garin da aka haifa a 1915.

Masallacin shi kansa abin a tsaya ne a duba da kyau. Mimar Sinan, babban mai zanen gine-gine na Daular Usmaniyya, ne ya zana shi, kuma shi kaɗai ne aikinsa da ya rage a Girka ta yau. Ana ce wa masallacin Kursum, wato darma da Turkanci, saboda darmar da aka lulluɓe ƙubbarsa da ita, kabarin Osman Shah na bayansa. Abin da ke taɓa zuciya, ba a sallah a ciki yanzu, taruka da nune-nune ake yi.

Masu yawon buɗe ido kan hau tsohuwar ganuwa mai hasumiyar agogo, su gangaro ta unguwar Varousi mai lunguna da tsoffin coci-coci, daga nan wasu su kama hanyar Kalambaka zuwa duwatsun Meteora.